Inda Baban Rifkatu Yake Yanke Waƙa

Matso kusa, 'yar'uwa, ja kujerar nan ki zauna. Kai ma ɗan'uwa kada ka ce zancen mata ne ka wuce, don a kanka zan ƙare. Sunana Ladi, amma a unguwarmu nan Kafanchan Maman Rifkatu aka sani. Aji huɗu na tsaya a makaranta, kuma ba ni da yawo. Daga gida sai majami'a, sai kasuwa in gishiri ya ƙare. Abu ɗaya Ubangiji ya ba ni, kunne. In tuwo zai kama a tukunya, kafin hanci ya ji kunnena ya ji. Kunnen nan ne ya gaya mini mijina ba shi da lafiya, ni kuma na yi sati biyar ina ƙaryata shi.

Mijina Bitrus manomin citta ne, kuma shi ne mai ba da waƙa a zumuntar maza. Shekara talatin da ɗaya muna tare, kullum da safe sai mun yi waƙa ɗaya kafin addu'a. Akwai wadda yake so, mai dogon layi a baiti na biyu. Ni sai na ja numfashi sau biyu kafin in kai ƙarshen layin. Shi kuwa da numfashi ɗaya yake janye shi, har ya ƙara masa jela, yana kallona ta gefen ido don ya ba ni haushi.

Tun shekarar da citta ta ruɓe wa mutane a gona ba mu ƙara iya ɗaukar 'yan ƙwadago ba. Da tono ya zo bara, shi kaɗai ya shiga. Baya ya riƙe, gwiwa ta riƙe. Sai ya fara biyawa ta kemis yana karɓo haɗi, wato ƙwayoyin nan biyar ko shida da ake ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya. Ƙulli ɗaya da safe kafin ya sa komai a ciki, ƙulli ɗaya da yamma. Duk manoman layinmu suna sha, ban ga abin magana ba.

Satin farko, wata Talata muna waƙa, ya kai tsakiyar dogon layin nan sai ya tsaya ya ja iska.

Na ce, "Baban Rifkatu, ka yanke waƙa."

"Na yanke me?"

"Ka tsaya a tsakiya."

Ya yi dariya. "Shekara talatin kina jira in yi tuntuɓe, yau kin samu. Kawo mini kunu."

Na kawo kunu, maganar ta mutu.

A sati na biyu yayata Asabe ta zo daga Manchok. Tana ganinsa ta ja fatar idonsa ƙasa, ta juya tafin hannunsa. Fari fat kamar an jiƙa rogo. Ta ce, "Ladi, mijinki ba shi da jini, kina zaune kina kallo? Matse ganyen ugu ki haɗa da madara da lemon molt, ki sayo maganin ƙarin jini na kwalba. Sati biyu za ki ga ya yi ja." Na yi duk yadda ta ce. Na ƙara da zogale da hanta ranar kasuwa. Babu ɗayanmu da ya tambayi abu mai sauƙi: jinin da babu, ina ya tafi?

Amsar tana bayan gida, na gan ta da idona a sati na uku. Ki yi haƙuri da maganar, amma don ita na kira ki. Na shiga wanke wurin bayan ya fito, na ga abin da ya bari baƙi ƙirin, yana danƙo kamar kwalta, da wani irin wari da ban taɓa ji ba. Namiji ba zai gaya miki wannan ba ko za a yanka shi. Na yafa gyale na je wurin mai kemis na raɗa masa. Ya ce, "Mama, kar ki damu, maganin ƙarin jini haka yake yi. Alama ce yana aiki." Na dawo gida ina murna. Har na ƙara masa cokali ɗaya.

Sati na huɗu ƙirji ya shigo. In ya tura baro daga ƙofa zuwa tsakar gida sai ya tsaya ya dafa, ya ce kamar an ɗora masa buhu. In ya zauna ya wuce. A waƙar safe kuwa yanka ya zama uku. Ina ƙirgawa a zuci, ina jin tsoro.

Na ce mu je asibiti. Ya ce, "Saura gonar fadama. In na bar citta a ƙasa, ɓarayi ne za su yi godiya a madadinmu."

Maƙwabcinmu Tisha Ishaya tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, abokin mijina tun suna samari. Shekara uku da suka wuce bugun zuciya ya kwantar da shi, aka kai shi Jos, Allah ya tashe shi. Tun daga nan duk mai ciwon ƙirji a unguwa wurinsa yake zuwa. Ya shigo da yamma ya saurari Bitrus, yana kaɗa kai.

"Irin nawa ne sak. Bitrus, hanyar jini ce take toshewa. Ga asfirin, ƙaramar ƙwayar nan ita ta riƙe ni. Ɗaya kullum, in ciwon ya taso ka tauna wata."

Daga cikin maganinsa na wata ya yanko rabi ya ba mu. Da ƙauna ya yi, ina so ki riƙe wannan. Na ce, "Mun gode, Tisha," har da durƙusawa.

Ranar Alhamis ta sati na biyar, wajen sha ɗaya na safe, keke napep ya kawo buhunan citta daga gona. Ina kicin na ji buhu na farko ya faɗi, na ji na biyu. Na uku ban ji ba. Na fito na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da bango, zufa tana zuba, jikinsa sanyi ƙalau. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a muƙamuƙi. Na sa kunne a ƙirjinsa. Zuciyar tana gudu tana harɗewa, kamar ganga a hannun wanda bai iya ba.

Tisha ya iso da gudu, ya sa masa asfirin biyu a baki ya ce ya tauna. Mai keken da ya kawo citta shi ya ɗauke mu. Kafin mu kai shataletale Bitrus ya yi amai a zanena, baƙi, kamar an dama gawayi. Ya dube ni ya ce, "Ki rufe citta, hadari yana haɗuwa." Ka ji mutum.

A asibiti layin kati ya kai bakin ƙofa. Mai ba da kati bai ko ɗaga kai ba, ya ce mu bi layi. Wata nas mai jiki tana wucewa, ta kalli fuskarsa, ta kama hannunsa ta juya. Ta ce, "Wane layi? Ku shigo da shi." Ban san sunanta ba har yau, amma kullum tana cikin addu'ata. A ɗakin gaggawa tulun oksijin ɗaya ne mai aiki, kuma yana hancin wata tsohuwa. Muka jira aka gangaro da wani daga ɗakin haihuwa. Ban san minti nawa ba ne. Na dai san ina tsaye ina jin numfashinsa yana gajarta, ina roƙo, "Yesu, kada ka bar shi ya yanke gaba ɗaya."

Likitar wata 'yar siririya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata Rifkatu ba. Ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane. Ta sa aka ɗebi jini. Sannan ta juyo gare ni.

"Mama, me da me yake sha?"

Allah ya sa na kwaso komai a leda. Ta baje su a tebur: haɗin kemis, kwalbar ƙarin jini, asfirin. Ta tambayi launin bayan gidansa, na faɗa, kaina a ƙasa. Tisha ya matso ya gyara tsayuwa.

"Likita, ni na ba shi asfirin. Na taɓa yin irinsa, na san ƙa'idar."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Baba, in citta ba ta kai kasuwa ba, abu biyu ne. Ko hanya ta toshe, ko motocin ɗauka ne babu. Naka hanya ce ta toshe, shi ya sa aka ba ka maganin tsinka jini, kuma kada ka daina. Shi wannan hanyarsa ba ita ce matsalar yau ba. Jini shi ke ɗaukar iska ya kai wa zuciya. Haɗin nan ya ci masa ciki, jini yana yoyo ta can sati da sati. Zuciya tana ta ƙara gudu don ta cike giɓi, iskar da za ta yi aikin da ita kuma ba ta isowa. Shi ne namanta ya fara jin rauni. Bugun zuciya ne shi ma, amma asfirin ƙara buɗe yoyon ya yi."

Tisha ya cire hularsa. Ya nemi benci ya zauna.

Na ce, "Likita, zai tashi?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Jini nake so, leda uku, yau. Wanda ke ma'ajiya ba irin nasa ba ne."

Tisha ya miƙe ya naɗe hannun riga, aka ce shekarunsa da maganinsa sun hana. Ya fita ya hau mashin. Gona gona ya bi. Kafin la'asar maza takwas na zumunta sun cika baranda, da taɓo a ƙafafunsu. Uku suka dace. Ɗaya a cikinsu Dauda ne, mai muryar da ake roƙo ya riƙa tafi kawai in ana waƙa. Wani ya ce, "To, in Bitrus ya tashi da muryar Dauda, ikilisiya ta shiga uku." Na yi dariya, hawaye na zuba.

A hankali aka sa jinin, ɗigo ɗigo, don likita ta ce zuciyar da ta gaji ba a yi mata lodi lokaci ɗaya. Rifkatu ta taso daga Kauru inda take koyarwa, ta iso da ƙurar hanya a gira. Ita ta riƙa zirga-zirga, don rabin magungunan babu su a asibiti, sai waje. Gwajin da ke nuna raunin zuciya ma wani wuri a gari aka kai jinin, aka dawo da takarda washegari. Likita ta duba ta ce e, ta ji rauni. Irin cittar da muka ware don shukar baɗi a nan ya tafi. Ban yi kukansa ba sai daga baya.

Kwana uku na farko ban san ɗanɗanon abinci ba. Masu gaisuwa suna ta zuwa da kula da shawara. Wannan ta ce tafarnuwa, wancan ya ce a kai shi dutsen addu'a, Asabe ta zo da jarkar ugu. Nas ɗin nan mai jiki ta tsaya a ƙofa ta ce, "Addu'a ta shigo, jarka ta tsaya a waje." A rana ta biyu da rana tsaka ciwon ya dawo, aka fitar da mu, aka ja labule. Na tsaya a jikin taga ina sauraro. Muryar likita nake bi, ko za ta canja. Ba ta canja ba. Bayan wani lokaci na ji tarinsa, sannan na zauna a ƙasa.

Kwana tara muka yi. Ranar sallama likita ta kira ni gefe. Maganarta tana kaina har yanzu.

"Mama, masu irin ciwon mijinki su suka fi ba ni tsoro bayan sallama. Da sun ji an ce hanya ba ta toshe ba sai su ɗauka ƙaramin bugu ne. Babu ƙarami. Abin da ya jawo shi in ya dawo, zuciyar ba ta da ƙarfin da take da shi da. Babu haɗi, babu asfirin, babu tono. Za ku je Jos a leƙa cikin, a kuma duba zuciyar da kyau. Amma ga matsala: ƙwayar ƙarin jinin da zan ba shi ita ma tana baƙanta bayan gida. Kuma na ga mijinki, ba zai faɗa ba. Ta yaya za ki gane?"

Kunya ta kama ni, amma na gaya mata zancen waƙar, da yadda yanka ya tashi daga ɗaya zuwa uku. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta buɗe fayil ta rubuta. Ta ce, "Ranar da ya ƙara yanka, kada ki jira rana ta faɗi."

A gida na yi jinya kamar ta jariri. Faten acca, miyar karkashi, kifi in an samu. Yankan ya dawo biyu, ya dawo ɗaya. Mazan zumunta suka yi gayya suka tone gonar fadama, saura wani ɗan gefe. Ranar Jos kuma sai bayan wata biyu aka ba mu. Tisha kullum yana shigowa, amma bai ƙara kawo zancen magani ba, sai labarin ƙwallo.

Sati na biyar da sallama Bitrus ya fara cewa zai je ya leƙa gona, leƙawa kawai. Yana dawowa da ƙasa a farce. Sai wata safiya ya ce maƙogwaro yana masa ciwo, mu karanta aya mu yi addu'a, a bar waƙa. Washegari ma haka. Kwana shida babu waƙa a gidana.

Na ce, "Baban Rifkatu, ni kake ɓoye wa?"

"Ina ajiye murya ne don Lahadi. Ke dai kin zama 'yar sanda."

Lahadin ita ce ta godiyar kaka. Majami'a ta cika, ga doya, ga dawa, ga kaji a ɗaure a gaban bagadi. Mata a hagu, maza a dama, yadda muka saba. Ni a benci na biyu daga baya nake zama. Shekara talatin ban taɓa buɗe baki a sujada ba sai a waƙa, ko shaida ban taɓa tashi na bayar ba. Aka kira zumuntar maza. Ya fito gaba da kwat ɗinsa, mutane suka yi tafi don ganinsa a tsaye. Kuma waƙar nan ya ɗauko.

Baiti na farko lafiya. Ya shiga na biyu, ya kama dogon layin. Ya yanke. Na ce a raina wannan namu ne, na san da shi. Ya ci gaba kaɗan, ya sake yankewa. Kafin ƙarshe ya yanke na uku, ya rufe wurin da ɗaga hannu kamar yana ba masu ganga umarni. Babu wanda ya lura. Masu amshi suna amsawa, mata suna guɗa.

Na ce bari a gama waƙar. Na ce bari a tashi sujada, saura wa'azi da baiko, awa biyu ne. Haka na ce a sati na farko, haka na ce a na huɗu. Sai na ga ƙafafuna sun miƙe da kansu. Na bi ta tsakiyar majami'a, ina jin idanu a bayana kamar ƙaya. Na wuce kaji da doya, na kama wuyan hannunsa. Sanyi, ga jijiyar tana gudu. Ganga ta tsaya.

Ya ce ƙasa ƙasa, "Ladi. A gaban ikilisiya?"

Rabon da ya kira sunana a bainar jama'a tun ranar aurenmu.

Na ce, "Gara in fitar da kai da ƙafarka da a shigo da kai a akwati. Mu je."

"Sake ni, lafiyata ƙalau."

Na sa hannu a aljihun kwat ɗin. Leda ta yi ƙara. Na fito da ƙullin haɗi biyu, ban ɗaga su sama ba, shi kaɗai na nuna wa. Wani dattijo ya fara cewa a bari a gama sujada, ba a yin haka a gidan Ubangiji. Sai Tisha ya tashi daga kujerar dattawa.

"Ku bar ta. Ni na yi karatu na kusa kashe abokina. Kunnen matar nan ya fi takarduna." Ya juya ga Fasto. "A ba mu motar ikilisiya."

Likitarmu ba ta aiki ranar, wani ne. Na ce ya buɗe fayil ya karanta abin da ta rubuta. Ya karanta, ya dube ni, ya sa aka ɗebi jini nan take. Jinin ya sake sauka, cikin ya koma yoyo. Amma takardar zuciya ba ta nuna sabon rauni ba. Ya ce, "Da kun ƙara kwana biyu yana tono, da wani zancen muke yi." Leda ɗaya aka sa masa, ta Dauda kuma, don Daudan ya ce tun da ya fara sai ya ƙarasa ɓata masa muryar.

Kwana biyu Bitrus bai yi mini magana ba. In na kawo abinci sai ya juya wa bango fuska. A rana ta uku ina goge masa ƙafa ya ce, "Gefen nan da ya rage ne. Na ji kunya a ce maza sun tone mini gona, ɗan abin da ya saura ma ya gagare ni. Bayan ya riƙe, na ce ƙulli ɗaya ba zai yi komai ba."

Na ce, "Ni kuma da na tsallaka majami'a, kunyar ba ta ci ni ba?"

Ya ce, "An ce ko takalmi ba ki sa ba."

Sai a lokacin na tuna na bar su a ƙarƙashin benci.

Mun je Jos, an leƙa, an ga gyambon cikin, an ba da magani, an ƙara da na zuciya. Yau shekara guda ke nan. Ba ya tono. Yana zama a inuwar mangwaro yana tsaga citta da wuƙa, yana yi wa masu shanya faɗa. Dogon layin nan bai ƙara janye shi da numfashi ɗaya ba, likita ta ce tabon yana nan, kuma mu ci gaba da zuwa ana dubawa. Sau ɗaya yake yankewa, a wuri ɗaya, ni ma a nan nake jan nawa, sai mu ƙarasa tare. Gyalena yana rataye a bayan ƙofa. Ya sani, na sani: yanka ɗaya namu ne, biyu na asibiti ne.

To, ɗan'uwa, na ce a kanka zan ƙare: me ke cikin aljihunka da matarka ba ta sani ba? Ke kuma 'yar'uwa, mutumin nan da kike dafa wa tuwo kullum, yaushe rabon da ki yi shiru ki saurari inda numfashinsa yake tsayawa?